Kwinin, Ɓawon Itacen da Ya Buɗe Kogin Kwara

Cikin dukan cututtukan da su ke damun 'yan Adam a ƙasashe masu zafi, da wuya a sami wadda ta kai zazzaɓin cizon sauro ɓarna. Da damina ta kankama, ruwa ya kwanta a kududdufai da fadamu, sai ciwon ya bi gida gida. Ya kan fara da kasala da ciwon kai, sa'an nan sanyi ya kama mutum yana makyarkyata har haƙora na haɗuwa, ko da an lulluɓe shi da bargo uku. Can sai jiki ya ɗauki zafi kamar garwashi, daga bisani gumi ya keto, a ga kamar an sami sauƙi, ashe jibi zai komo. Maganin farko da likitocin Turai suka tabbata yana kashe wannan ciwo shi ne kwinin, asalinsa kuwa ɓawon wani itace ne. Labarinsa abin sani ne, gama ban da rayukan da ya ceta, yana da hannu cikin yadda mulkin ƙasashe da yawa ya sauya, har da ƙasar Hausa.

Itacen nan sunansa sinkona. Asalinsa Amurka ta Kudu ne, a gangaren manyan duwatsun Andis, cikin ƙasashen da yanzu a ke kira Peru da Bolibiya da Ekwado da Kolombiya. Yana son wuri mai tudu, kamar ƙafa 3,000 zuwa 9,000 bisa teku, inda ruwan sama ya ke da yawa, hazo kuma ba ya rabuwa da daji. Danginsu ɗaya da itacen gahawa, da tafashiya da giyayya waɗanda a ke samu a dazuzzukan ƙasar Hausa, amma su waɗannan ba su da kwinin. Maganin a cikin ɓawo ya ke. A kan ɓare shi a shanya, in ya bushe a daka, ya zama gari ja-ja mai tsananin ɗaci.

Mutanen Sifen sun ci waɗannan ƙasashe cikin ƙarni na 16, limaman addininsu kuma suka biyo su. Wasu daga cikin limaman nan, 'yan ɗarikar Jeswit, suna da ɗakin haɗa magunguna a birnin Lima, suna tattara saiwoyi da ɓawo daga hannun mutanen ƙasa suna gwadawa. Wajen shekara ta 1631 suka aika da ɓawon sinkona zuwa birnin Roma. Roma kuwa a zamanin nan fadamu ne kewaye da ita, kowace shekara zazzaɓi yana ɗibar mutane, ba ya barin talaka, ba ya barin babba. Cikin 1623, da manyan limamai suka taru don zaɓen sabon Paparoma, da dama daga cikinsu ba su koma gida ba. Mutanen Italiya suna tsammani tururin da ke tashi daga fadama shi ke kawo ciwon, sabo da haka suka sa masa suna maleriya, watau muguwar iska. Da aka gwada garin ɓawon nan aka ga yana yanke zazzaɓi, sai wani babban limami, Kadinal Juan de Lugo, ya tsaya yana raba shi ga matalauta, yana kuma aika shi ƙasashe.

Akwai wani labari da ya daɗe yana yawo, wai matar Gwamnan Peru, uwargidan sarautar Chinchon, ita ce ta warke da ɓawon nan cikin 1638, ta kuma kawo shi Turai. Masu binciken tarihi sun duba littafin da a ke rubuta al'amuran gidan Gwamnan kullum, suka tarar labarin ba shi da tushe. Amma kafin a gane haka, shahararren masanin tsire-tsire Linnaeus ya riga ya sa wa itacen sunanta cikin 1742, har ya yi kuskure ya yar da harafi ɗaya, sunan kuwa ya zauna haka nan.

Ba nan da nan Turai ta karɓi maganin ba. A Ingila da sauran ƙasashen da suka rabu da Paparoma, mutane da yawa sun ƙi shi don kawai ya fito daga hannun 'yan Jeswit. Likitoci kuma suna da tasu hujja, gama littattafansu sun koya musu cewa zazzaɓi sai an fid da shi ta jini ko ta amai ko ta zawo, wannan gari kuwa ba ya sa ko ɗaya. Sai wani mai haɗa magani, Robert Talbor, ya yi musu dabara. Ya riƙa jiƙa garin yana haɗa shi da abubuwa masu ƙanshi don su ɓoye ɗacin, ya ce wani asiri ne nasa. Da shi ya warkar da Sarkin Ingila Charles na 2, ya haye Faransa ya warkar da ɗan Sarki Louis na 14. Sarkin Faransa ya sayi asirin da kuɗi masu yawa, bisa sharaɗin ba za a bayyana ba sai bayan ran mai shi. Da Talbor ya mutu cikin 1681 aka buɗe takarda, sai ga shi ba wani abu ba ne illa ɓawon nan da likitoci su ke zagi.

Duk da haka, amfani da ɓawo yana da wahala. Sinkona iri iri ne, wani ɓawonsa da ƙarfi, wani kuwa kusan ba kome a cikinsa, ga 'yan kasuwa suna gauraya shi da na waɗansu itatuwa masu ɗaci. Likita ba shi da hanyar sanin ko abin da ya auna zai isa. An kuɓuta daga wannan cikin 1820, sa'ad da waɗansu masana biyu a birnin Faris, Pelletier da Caventou, suka tace ɓawon suka fid da ainihin sinadarin da ke yin aiki. Suka kira shi kwinin, daga kalmar kina, sunan da a ke kiran ɓawon da shi a Peru. Ba su riƙe sanin don neman dukiya ba, suka buga yadda a ke yi, kowa ya ɗauka. Daga nan aka iya auna magani daidai, a kuma zuba abin da zai ishi jirgi guda cikin 'yan kwalabe.

A daidai wannan zamani Turawa sun ƙwallafa rai ga sanin Kogin Kwara, inda ya taso da inda ya faɗa. Abin da ya tsare musu hanya kuwa ya fi mashi da kibiya, shi ne zazzaɓi. Mutumin da aka haifa inda ciwon ya ke, in ya tsallake ƙuruciya, jikinsa ya kan saba, ya riƙa samunsa da sauƙi. Wannan sabo ba a banza a ke samunsa ba, da rayukan yara ƙanana a ke biya, gama su ne ciwon ya fi kashewa. Baƙon da ya zo da girmansa, bai taɓa gamuwa da cutar ba, shi da jariri ɗaya su ke a wurinta. Mungo Park ya tashi daga Gambiya cikin 1805 da Turawa wajen 40, kafin su ga ruwan Kwara saura 11, zazzaɓi da atuni sun cinye sauran, shi kansa ya halaka a Busa. Likita Oudney ya mutu kusa da Katagum cikin 1824. Abokin tafiyarsa Clapperton ya komo karo na biyu, ya kwanta ciwo ya mutu a Sakkwato cikin 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Da aka gane bakin kogin cikin 1830, sai aka ce a gwada jiragen ruwa masu tafiya da tururi. Cikin 1832 wani attajiri, Macgregor Laird, ya shigo da jirage biyu, ɗaya an sa masa suna Kwara, ɗaya Albarka. Albarkar ba ta samu ba, don cikin Turawa 48 tara kaɗai suka tsira. Cikin 1841 Gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku da Turawa 145, da niyyar ƙulla alkawari da sarakuna da kafa gona a mahaɗar Kwara da Binuwai. Cikin 'yan makonni kusan dukansu suka kwanta, wajen 40 suka mutu, aka juya da jiragen. Abin mamaki, akwai kwinin a cikin akwatunan likitocinsu. Sai dai al'adar likitocin lokacin ita ce su tsaga jijiya su zubar da jinin majiyyaci, su ɗura masa maganin zawo, kwinin kuwa sai zazzaɓi ya sauka su ba da kaɗan don ƙarin ƙarfi. Ɗaya daga cikinsu, Likita Thomson, ya gwada shan kwinin kullum tun yana lafiya, ya ga bai kwanta ba, ya rubuta abin da ya gani. Cikin 1847 wani likitan sojan ruwa, Alexander Bryson, ya tattara labarin jiragen da ke gaɓar Afirka ta Yamma, ya ba da shawara a riƙa ba kowane ma'aikaci kwinin tun kafin ya sauka tudu, a kuma ci gaba bayan ya komo.

Gwajin wannan shawara ya zo cikin 1854. Aka aiko da wani jirgi mai suna Pleiad ya bi Binuwai, ya kuma nemi labarin Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, wanda a ke tsoron ya ɓace. Wanda aka shirya zai shugabanci tafiyar ya mutu tun ba a tashi ba, sai ragama ta faɗa hannun wani saurayin likita, William Baikie. A cikin jirgin akwai Turawa 12 da 'yan Afirka 54, har da Samuel Ajayi Crowther. Baikie ya kafa doka, kowane Bature ya sha kwinin kowace rana, da lafiya ko ba lafiya. Suka yi wajen wata huɗu cikin kogi da damina tsaka, suka haura Binuwai har ƙasar Muri, suka komo teku ba wanda ya mutu. Ba su gamu da Barth ba, amma sun komo da abin da ya fi labarinsa tasiri, watau shaida cewa rigakafi ya fi magani. Baikie ya komo daga baya ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, ya ziyarci Kano cikin 1862.

Daga nan jiragen ciniki suka riƙa shiga Kwara kowace shekara. Bayan 'yan ciniki sai kamfani mai soja, bayan kamfani sai gwamnati. Ran 1 ga Janairu 1900 Lugard ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, cikin 1903 kuma aka ci Kano da Sakkwato. Ba za a ce kwinin ne ya ci ƙasa ba, gama akwai jirgin tururi da bindiga mai ruwa, akwai kuma rashin haɗin kai tsakanin sarakuna. Amma bindiga ba ta harba kanta, sai mai riƙe da ita ya rayu tukuna, kwinin kuwa shi ya raya shi. Kowane hafsa da kowane Joji yana haɗiyar ƙwayarsa kullum kamar farilla. Talakawan ƙasa, waɗanda 'ya'yansu ke mutuwa da ciwon kowace damina, kaɗan ne ƙwarai suka sami rabo a farkon zamanin. Maimakon haka dokar garuruwa ta 1917 ta sa a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, don kada sauro ya ɗauko cuta daga can ya kawo nan.

Yawan bukatar kwinin ya jawo wata damuwa, gama masu ɓare ɓawo a Andis suna sare itatuwa ba sa dasa waɗansu, kuɗinsa kuma kullum hawa ya ke yi. Ingila da Holan suka ƙudura su kai itacen ƙasashen da su ke mulki. Holan ta kai dashe tsibirin Jawa cikin 1854, Ingila ta kai Indiya wajen 1860, amma yawancin irin da suka samu mai raunin magani ne. Wanda ya san iri na ƙwarai wani mutumin Bolibiya ne, Manuel Incra Mamani, baran wani Baturen fatauci mai suna Charles Ledger. Mamani yana iya duban ganye da launin ɓawo ya faɗi itacen da ya fi ƙarfi. Ya yi shekaru yana jira a cikin duwatsu, domin sanyi yana ta kashe furanni, sai cikin 1865 ya sami iri ya kawo wa maigidansa. Aka kai London, Gwamnatin Ingila ta ce ba ta so. Holan ta sayi abin da bai fi nauyin laba ɗaya ba da 'yan kuɗi kaɗan, ta shuka a Jawa. Da itatuwan suka girma aka auna, sai aka tarar waɗansu ɓawonsu yana da kwinin har kashi 13 cikin 100, ninkin ba ninkin na sauran.

Hukumar Bolibiya ta hana fid da irin sinkona daga ƙasar. Cikin 1871, da Mamani ya koma neman wani irin, aka kama shi aka kulle, aka yi ta dukansa don ya faɗi wanda ya aike shi, ya ƙi. Bayan an sake shi bai daɗe ba ya mutu. Itacen da ya gano aka sa masa sunan Ledger, Ledger kansa ya mutu da talauci a Ostareliya cikin 1905, ribar kuwa ta tafi Amsterdam. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kafin 1930 Jawa ce ke fid da fiye da kashi 90 cikin 100 na kwinin duniya, wani ofishi da masu gonaki da masu masana'antu suka kafa a Amsterdam cikin 1913 shi ke yanka farashi, cinikin Amurka ta Kudu kuwa ya durƙushe.

Duk wannan zamani ana shan kwinin ba a san abin da ya ke kashewa ba. Cikin 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, yana duban jinin majiyyaci da madubin likita a Aljeriya, ya ga waɗansu halittu ƙanana suna motsi, da ɗigo-ɗigon baƙi a cikinsu. Cikin 1897 Ronald Ross ya sami irin halittun nan a cikin sauro a Indiya, shekara ta gaba kuma masanan Italiya suka tabbatar macen sauro irin Anofilis ce ke ɗaukar su daga mutum zuwa mutum. In ta ciji mutum, ƙwayoyin cutar su kan fara zuwa hanta su hayayyafa, sa'an nan su fito su shiga jajayen ƙwayoyin jini, suna cin jan sinadarin da ke ciki. A cikin abincin nan nasu akwai wani ɓangare mai ƙarfe wanda dafi ne gare su, sabo da haka su kan dunƙule shi ya zama tsakuwa marar cutarwa, ita ce baƙin ɗigon da Laveran ya gani. Kwinin yana hana wannan dunƙulewa, sai dafin ya taru ya kashe ƙwayar cutar. Ba ya taɓa waɗanda ke cikin hanta, kuma ba ya daɗewa a jiki, shi ya sa a ke shansa bayan kowace sa'a takwas har kwana bakwai.

Shi kansa kwinin farin gari ne, ɗacinsa kuwa ko an tsarma shi da ruwa mai yawa harshe yana ji. Yana da illa tasa. Mai shansa ya kan ji kunne yana ƙara, ji ya ragu, jiri da tashin zuciya su zo, sukarin jini kuma ya kan faɗi, musamman ga mai ciki. In aka zarce ƙima yana iya makantarwa ko ya rikita bugun zuciya, don haka ba abin sha da ka ba ne. Ɗan'uwansa kwinidin, wanda a ke samu cikin ɓawo ɗaya, an daɗe ana ba masu ciwon bugun zuciya. Ɗan kaɗan na kwinin kuma shi ke ba lemon kwalba da a ke kira tonik ɗacinsa, amma abin da ke ciki bai kai ya yi magani ba. Har masu rini sun ci albarkacinsa: cikin 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a London, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin daga kwaltar gawayin ƙasa, bai dace ba, sai ya sami wani launi kamar shunayya, wanda ya zama mafarin rinin kanti.

Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna haɗarin dogara ga tsibiri guda. Jamus ta kama Holan cikin 1940, Japan ta kama Jawa cikin 1942, sai Ingila da Amurka suka wayi gari ba kwinin, ga sojojinsu suna yaƙi a dazuzzukan Bama da tsibiran gabas, cikinsu har da dubban 'yan Nijeriya. Aka koma ga wata ƙwaya ta haɗi mai suna mefakirin, wadda ke mai da fata rawaya. Aka kuma faɗaɗa gonakin sinkona a gabashin Kwango, wajen Bukabu, inda har yanzu a ke nomansa. Bayan yaƙi sai kulorokwin ya fito, wanda wani Bajamushe, Andersag, ya haɗa tun 1934. Ga araha, ga sauƙin sha, har aka ɗauka kwanan kwinin ya ƙare. Amma kafin 1960 ƙwayar cutar ta fara jure wa kulorokwin a Asiya da Kolombiya, cikin 1978 aka ga haka a Afirka ta Gabas, daga nan ya bazu har yamma. Mutuwar yara ta ƙaru, asibitoci suka komo ga tsohon ɓawo, suna ɗura kwinin ta jijiya ga wanda ciwo ya tsananta masa.

Wanda ya gaji kwinin shi ma daga tsiro ya fito. Cikin 1967 Gwamnatin Sin ta sa masananta neman sabon magani. Wata mace cikinsu, Tu Youyou, ta bi tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu, ta ga wani na ƙarni na 4 ya ambaci wata ciyawa, dangin tazargade, wadda a ke jiƙawa a ruwa a matse, ba a dafawa. Ta gane zafi ne ke ɓata maganin, ta tace shi ba da wuta mai ƙarfi ba, cikin 1972 aka fid da sinadarin da a ke kira atemisinin. An ba ta lambar Nobel cikin 2015. Nijeriya ta bar kulorokwin cikin 2005, ta koma ga ƙwayoyin da ke haɗa atemisinin da wani magani. Cikin 2010 aka bayyana sakamakon wani gwaji a kan yara 5,425 masu zazzaɓi mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya: cikin waɗanda aka ba kwinin kusan 11 cikin 100 suka mutu, cikin waɗanda aka yi wa allurar atesunet, ɗiyar atemisinin, takwas da rabi. Sabo da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunet a gaba, kwinin ya zama na ajiya, inda ba a sami wancan ba.

Yaƙin dai bai ƙare ba. Bisa lissafin Hukumar, cikin 2022 mutum wajen 608,000 suka mutu da zazzaɓin cizon sauro, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Afirka, kuma fiye da rubu'in waɗanda suka kamu da shi a duniya cikin shekarar nan a Nijeriya su ke. An kuma fara ganin ƙwayar cutar tana jinkirin mutuwa da atemisinin a Kambodiya, daga baya a Ruwanda da Yuganda. Abin da ke ba ta wannan dama shi ne maganin jabu, da shan rabin ƙima a ajiye saura da zarar jiki ya yi sanyi. Kwinin ya yi aiki kusan shekara 400 bai zama banza ba, kulorokwin kuwa bai cika 40 ba ya gaza a wurare da yawa. Maganin da ke hannu yanzu, tsawon kwanansa ya rataya ga masu shansa: a gwada jini kafin a sha, a sha har ya ƙare, a kuma kwantar da yara cikin gidan sauro tun daga faɗuwar ruwan farko.